Yadda Ake Mayar da Tsohon Gadon Katako Bencin Zaure

A galibin gidajen da suka kwana biyu a garuruwanmu, idan mutum ya leƙa ɗakin ajiya, ko bayan madafa inda ake tara itacen girki, da wuya ya rasa tsohon gadon katako a jingine da bango, an kwance shi gaɓa-gaɓa tun ranar da aka shigo da sabo, ƙura ta rufe shi, rana da raɓa suna cin jikinsa sannu a hankali. Alhali kuwa a zauren wannan gidan, idan dattijo ya yi sallama, ko mai ciwon gwiwa ya zo jiran maigida, ko wani yana son ya kwance igiyar takalminsa kafin ya taka shimfiɗa, babu wurin zama sai tabarma, ko dakalin da ke waje cikin rana. Nufina a nan in bayyana dalla-dalla yadda za a ɗauki wancan gado a mai da shi benci mai majingina da hannuwa biyu da wurin ajiye takalma a ƙarƙashi, domin wanda yake da haƙuri da 'yan kayan aiki ya yi da hannunsa, wanda kuma ba zai iya ba ya san abin da zai faɗa wa kafinta, da abin da zai duba ranar da aka kawo masa aikin. Ba ina neman benci ya kori tabarma da buzu daga zaure ba ne, domin su ne shimfiɗar malami da almajiransa, su ne kuma na taron suna da na gaisuwa. Bencin gefe guda zai tsaya, don mai uzuri da mai sauri.

Babbar hujjata a kan wannan aiki ba araha ce kaɗai ba, ko da yake duk wanda ya je 'yan katako na Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya tambayi kuɗin falanki guda na itace mai kyau, ya san cewa arahar ba abin rainawa ba ce. Hujjar ita ce ingancin itacen kansa. Katakon da ake saukewa daga manyan motoci, da yawansa ɗanye ne, ba a daɗe da yanko shi daga dazukan kudu ba, yana nan da ruwansa a jiki. Idan aka yi benci da shi da damina, kafin hunturu ya fita sai a ga ya kantare, mahaɗansa sun buɗe baki, wani wurin ma ya tsage, saboda ɗabi'ar itace ce ya sha laima ya kumbura, ya rasa ta ya motse, iskar hunturu kuwa ba ta sassauta wa ɗanyen katako. Amma itacen da ya yi shekara 20 ko 30 a cikin ɗaki, damina da hunturu suka yi ta wucewa ta kansa, ya riga ya gama mafi yawan karkatar da zai yi, motsin da ya rage masa kaɗan ne ƙwarai. Irin wannan itace yana da wuyar samu a kasuwa, a gida ake tarar da shi. Saboda haka faskara shi a cusa a murhu, a ganina, yana cikin almubazzarancin da shari'a ta yi hani da shi, ko da mai yi bai ɗauke shi haka ba. Kada kuma wani mai ilimi ko mai muƙami ya ga riƙe zarto ƙasƙanci ne gare shi, domin ya tabbata a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sassaƙar itace ce sana'arsa.

Kafin zarto ya taɓa kome akwai sharaɗi guda, watau sanin mai kayan. A al'adarmu gado yana cikin kayan ɗakin da iyaye suke yi wa amarya, mallakarta ne ba na maigida ba, kuma yashe shi a bayan ɗaki shekara goma ba ya fitar da shi daga mulkinta. Wajibi ne a nemi izini da baki, a ce, "Uwargida, gadon nan naki na da, kina da bukatarsa, ko kin yarda a yi wa zaure benci da shi?" Idan kuwa mai shi ta riga mu gidan gaskiya, to, ya shiga cikin abin da ta bari, haƙƙin magada ne baki ɗaya, in akwai marayu ƙanana a cikinsu, yardar manya ba ta wadatar ba, sai a yi masa ƙima, mai son sa ya biya a zuba cikin dukiyar da za a raba.

Bayan izini sai bincike, domin ba kowane gado ne ya cancanci wahalar ba. Gadajen nan da ake yi da garin itace wanda aka matse da gam, aka lulluɓe da fomeka ko takarda mai sheƙi, waɗanda suka cika ɗakunan amare a wannan zamani, ba sa karɓar gyara: sukuru ba ya kama su sau biyu a rami ɗaya, ruwa kuwa da zarar ya ratsa su sai su kumbura su marmashe. Ana gane su ta baya, ko ta wurin da suka ɓantare, inda za a ga ɓarɓashi maimakon jijiyar itace. Abin nema shi ne itace tsantsa. A sami wuƙa a kankare fenti ko banish a wani ɓoyayyen wuri, kamar cikin ƙafar gadon, a duba launi, a danna farce. Idan ya fito ja-ja, da nauyi a hannu, farce kuma bai shige shi ba, to, maɗaci ne ko ɗan'uwansa mahogani na kudu, an dace. Idan ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya wanda tsufa ya ƙara masa duhu, mai yiwuwa iroko ne, shi kuwa gara ba ta cika kusantarsa ba. Idan fari ne sakayau, farce ya bar shaida a jikinsa, to, obece ne, wanda zai iya zama majingina amma bai kamata a ɗora masa nauyin manya uku ba, sai an ƙarfafa ƙafafu da firam da wani itace mai tauri.

Sa'an nan a bi kowace gaɓa ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, kunne yana saurare. Lafiyayyen itace yana amsawa da sauti mai kauri. Wanda gara ta ci kuwa yana amsawa kamar busasshiyar ƙwarya, domin al'adar gara ta cinye ciki ta bar ɓawo, har mutum ya ga katako sumul da fentinsa, ya danna sukurudireba ta nutse. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne gindin ƙafafu huɗu, inda suka daɗe suna taɓa ƙasa, da duk inda aka ga tabon hanyar laka. Idan ɓarnar ba ta wuce inci 1 ko 2 daga ƙasa ba, ana iya datse ƙafafun duka huɗu daidai da juna a ci gaba da aiki. Idan ta haura har mahaɗa, a haƙura da wannan gaɓar a yi mata madadi. Akwai kuma ƙwaron nan mai huda itace, wanda alamarsa 'yan ramuka ne ƙanana da gari mai laushi yana zubowa daga cikinsu; in garin sabo ne, fari, to, ƙwaron yana raye a ciki, sai a ɗura maganin katako irin su Solignum cikin ramukan da sirinji, ko kananzir in babu, a yi wannan a fili, nesa da wuta. Game da kuɗin cizo, wanda mahaɗan tsohon gado su ne mazauninsa da wurin ƙwansa, bai halatta mutum ya kai shi zaure ya raba wa baƙi ba. Zafi ne maganinsa: a kwarara tafasasshen ruwa cikin kowace mahaɗa da tsaga, ko a naɗe gaɓoɓin cikin baƙar leda a shanya su a tsakar gida yini biyu ko uku a zafin bazara ana juyawa, domin shi da ƙwansa ba sa jure zafin da ya kai digiri 50 idan ya ratsa maɓoyarsu. In ruwa aka yi amfani da shi, a bar itacen ya bushe sarai a inuwa, kamar mako guda, kafin a sa masa gam. Ina roƙon mai karatu ya nisanci magungunan feshin gona da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, domin abin zaman mutane ake ginawa, yara kuma za su hau shi su taɓa su kai hannu baki.

Daga nan sai tsabtacewa. A zare duk tsohuwar ƙusa da awartaki, a sa ɗan guntun katako ƙarƙashin bakin awartakin don kada ya lotsa itace. Wadda kanta ya guntule a yi mata alama da alli, saboda ƙusa ɗaya da ta ɓuya tana iya kashe haƙoran zarto. A wanke gaɓoɓin da tsumma da ruwan sabulu kaɗan. Idan tsohon fenti ne mai kauri a jiki, kada a goge shi da samfefa a bushe, kada kuma a ƙona shi, domin fentin mai na da yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara, kamar yadda musibar da ta auku a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta nuna mana, inda ƙurar dalma daga duwatsun ma'adinai ta halaka ɗaruruwan yara. A jiƙa fentin, a kankare shi a waje a kan leda, a rufe hanci, a kwashe ɓarɓashin a kai inda yara da kaji ba sa tona.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto mai kaifi, guduma, cizal, tef na awo, sikwaya, fensir, abin huda katako na hannu ko na lantarki, sukurudireba, sukurori masu tsawon inci 2 da rabi ko 3, farin gam na kafintoci, samfefa, da igiya mai ƙarfi ko tsohuwar robar tayar keke da aka yanka tsaye. Wanda zai ba kafinta aikin, ya yi jinga da shi tun farko a bayyane, domin ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada: a faɗa masa awo, a yi sharaɗin gam da sukuru maimakon ƙusa zalla, a kuma ce ragowar katakon a dawo da shi. Wani zai ce, "Alhaji, ai gara in yi maka sabo, ya fi sauƙi," kuma gaskiya ne ya fi masa sauƙi, domin tsohon maɗaci yana gajiyar da hannu. Sai a ƙara masa lada daidai wahalarsa, a tsaya a kan tsohon.

To, ga asalin dabarar. Gado yana da gaɓoɓi iri huɗu: allon wajen kai, mai tsawo, allon wajen ƙafa, gajere, dogayen katakan gefe biyu, da 'yan falankan da katifa ke kwanciya a kai. Allon kai zai zama majingina yadda yake, ƙafafunsa biyu su zama ƙafafun baya na benci. Allon ƙafa za a raba shi biyu, kowane rabi da ƙafarsa guda, a juya su su zama gefen dama da gefen hagu, ƙafafunsu su zo gaba, samansu ya zama wurin ɗora hannu. Katakan gefe su ba da firam ɗin mazauni, falankan katifa kuma su zama mazaunin kansa, tun da tsawonsu faɗin gadon ne, faɗin gadon kuwa shi ne tsawon bencin.

Awo uku ne rukunan aikin, kuma a kansu nake so mai karatu ya fi daɗewa, domin benci mai kyawun gani da mugun awo ba ya samun mai zama. Na farko tsayin mazauni daga ƙasa: inci 17 zuwa 18, watau kimanin santimita 43 zuwa 46, wanda a nan ne tafin ƙafar babban mutum yake taka ƙasa sosai, tashi kuma ba ya yi wa tsoho wuya. Wannan awo har da kaurin falankin sama. Idan falankin inci 1 ne, saman firam ya tsaya a inci 17, idan kuma za a ɗora 'yar katifa mai kaurin inci 2, a sauke firam ɗin da kamar inci 1 ko fiye, tun da soso yana lotsawa. Na biyu zurfin mazauni daga gaba zuwa majingina: inci 16 zuwa 18, in ya wuce haka, gajeren mutum ba zai jingina ba sai ƙafarsa ta bar ƙasa, zauren kuma zai ƙuntata. Na uku tsayin hannu a bisa mazauni: inci 7 zuwa 9. Idan allon ƙafar gajere ne, bai kai ya ba da hannu ba, babu laifi, a datse shi daidai da mazauni a bar bencin ba hannu, ya fi a yi masa ƙari mai rauni wanda dattijo zai dafa ya tashi da shi.

Mu ɗauki misalin gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi, watau inci 54. Idan aka auna inci 18 daga bayan kowace ƙafa ta allon ƙafa zuwa ciki, aka ja layi da sikwaya, za a sami gefuna biyu, a tsakiya kuma guntu mai inci 18 ya rage, wanda zai yi amfani wajen tokare. Wanda zai yi mahaɗa irin ta harshe da rami ya ƙara inci 1 a kowane gefe don harshen. Kafin yanka, a tsai da allunan a ƙasa a gwada da ido, a rubuta dama da hagu da alli, a tabbata fuskar da take da ado ita ce za ta dubi waje. A nan mai lura zai ga wani abin sha'awa: tsoffin ramuka ko ƙarafunan da katakan gefe suke shiga a jikin ƙafafun, da an juya gefunan nan sai su fuskanci juna, daidai inda katakon gaba zai ratsa. Galibi sun yi ƙasa da tsayin mazauni, amma sau da yawa sukan dace da katakon da zai riƙe wurin takalma. In ba su dace da kome ba, a sassaƙa ɗan itace a cike su da gam. Wajen yanka, a bi gefen layi ta ɓangaren da za a yar, a bar zarto ya ci da nauyinsa ba tare da dannawa ba, wani kuma ya tallafi guntun da zai faɗi don kada ya ɓalle da tsaga a ƙarshe.

Haɗa gefuna da ƙafafun baya shi ne wurin da ƙarfin benci yake, domin duk wanda ya jingina, wannan mahaɗa yake ja. Mafi inganci a sassaƙa harshe a bakin kowane gefe da aka yanko daga allon ƙafa, a haƙa masa rami da cizal a jikin ƙafar baya, ya shiga da ɗan bugu, ba sako-sako ba, ba kuma da tilas ɗin da zai tsaga ƙafar ba. Wanda hannunsa bai kai nan ba, ya huda ramuka biyu a kowace mahaɗa ya sa turakun itace masu kaurin rabin inci da gam, ko ya ɗaura dogayen sukurori ta bayan ƙafar, biyu sama biyu ƙasa. Akwai hukunci biyu da ba a ƙetare su. Gam ba ya kama fenti ko banish, sai an kankare wurin har itace ya bayyana. Kuma tsohon itace mai tauri ba a tura masa sukuru sai an fara huda masa rami wanda ya ɗan fi sukurun siranta, in ba haka ba ko itacen ya tsage ko kan sukurun ya guntule. Goga sabulu ko kyandir a jikin sukuru yana sauƙaƙa shigarsa. Ƙusa zalla kuwa, wadda ita ce al'adar bencin haya, tana riƙewa wata shida ko shekara, daga nan kumburi da motsewar itace su sassauta ta, benci ya fara kuka, kanta ya fito yana kama riga.

A fara haɗa kome a bushe, ba gam, a ga ya zauna. Sa'an nan a kwance, a shafa gam a fuska biyu, a mayar, a matse. In babu ƙarfen matsewa, a zagaya igiya sau biyu, a sa kwali a kusurwoyi don kada ta ci itace, a cusa sanda tsakanin igiyar a yi ta murɗawa har gam ya ɗan tsattsafo daga mahaɗa, a tokare sandar. A goge abin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma nan take, domin busasshen gam yana hana banish shiga, ya bar farin tabo. Kafin gam ya kama, a auna daga kusurwar baya ta dama zuwa ta gaba ta hagu, a kuma auna ɗaya ɓangaren. Idan awo biyun sun zo ɗaya, firam ya daidaita, idan sun saɓa, a tura kusurwar da ta fi tsawo a hankali har su daidaita. A bar shi yini da kwana ba a taɓa ba.

Katakon gaba ana yanko shi daga ɗaya daga katakan gefe, a auna tsawonsa a jikin bencin kansa tsakanin ƙafafun gaba, kada a dogara da lissafin takarda, saboda tsohon gado ba kasafai yake daidai ko'ina ba. Faɗin inci 4 ya ishe shi, a tsaye za a sa shi ba a kwance ba, domin a tsaye ne katako yake ɗaukar nauyi. Ɗan'uwansa a ɗaure shi a baya, a jikin ƙafafun allon kai, a tsayi ɗaya. Tsakaninsu a gitta tokare biyu, ban da na gefuna, yadda ratar da ke tsakani ba za ta wuce inci 18 ba. A kan waɗannan za a jera falankan, a bar rata kamar kwatan inci tsakanin kowane biyu, don itace ya sami wurin kumbura da damina, ƙura kuma ta sami mafita. Idan falankan katifar marasa kyau ne, kamar yadda akan samu, tun da kafintoci sukan sa mafi arahar katako inda ido ba ya gani, a sayi falanki guda busasshe a tsaga, a ajiye waɗancan don wurin takalma. Bakin falankin gaba a fere shi ya yi santsi, ya ɗan leƙo rabin inci, don kada ya ci bayan gwiwa.

Wurin takalma a ɗaga shi inci 5 ko 6 daga ƙasa, don tsintsiya ta wuce, ido kuma ya ga abin da ke gudana a gindin ƙafafu. Abin da ya rage tsakaninsa da katakon gaba, kimanin inci 7, ya ishi kowane takalmi in ba na ruwa ba. Shi ma a yi shi da rata, saboda yashi ya zube. Wannan wurin takalma yana da fa'ida ta biyu, domin yana ɗaure ƙafafu huɗu da juna ya hana su buɗewa.

Idan aka tsai da benci a kan siminti mai laushin shimfiɗa aka ga yana rawa, kada a yi ta datse ƙafa ɗaya bayan ɗaya da ka. A cusa 'yan guntaye ƙarƙashin gajeruwar har mazauni ya daidaita, a kwantar da fensir a kan ɗan siririn katako a zagaya kowace ƙafa da shi, a yanke duka a kan layin.

Gugar samfefa a fara da mai kaushi, lamba 80, a koma 120, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon jijiyar itace, domin gugar da ta gitta tana barin zane wanda ba ya bayyana sai an shafa banish. Idan itacen maɗaci ne ko iroko, ina ganin rufe shi da fenti zalunci ne ga kyawunsa. A shafa banish, shafin farko a tsinka shi da tina don ya ratsa, a bari ya bushe, a ɗan goge da samfefa mai laushi, a ƙara shafi biyu. Idan itatuwa ne iri-iri aka haɗa, launinsu ya saɓa, ko cike-cike sun yi yawa, fenti ya fi sutura. A zaɓi ranar da babu ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa. Kada a shafa man gyaɗa ko man ja da nufin sheƙi, domin ba sa bushewa, suna yin wari su jawo kiyashi; baƙin man inji kuwa, wanda wasu suke shafa wa katakon rufi don gara, ba na abin da farar riga za ta zauna a kai ba ne. Gindin ƙafafu shi ya fi bukatar magani da banish, saboda ta nan itace yake zuƙar laima. Majinginar za ta kasance a miƙe, tun da allon gado ba shi da kwanciya, amma matashin fata biyu irin na dukawa suna gyara wannan.

Ajiye shi a zaure ma yana da ladabi. Magina na da sun karkatar da ƙofar ciki daga ta waje da gangan, don kada idon baƙo ya faɗa cikin gida. Saboda haka a jingina bencin a bangon da mai zama zai fuskanci ƙofar waje ko tsakiyar zaure, ba mashigar iyali ba, a kuma bar hanya mai faɗin ƙafa uku a ƙalla, yadda mata za su wuce ba tare da takura ba, a kuma shiga da buhu ko keke. A janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, musamman bangon ƙasa, domin ta nan gara take gina hanyarta. Idan daɓen ƙasa ne, a ɗora kowace ƙafa a kan guntun tayil ko dutse mai faɗi. Idan siminti ne da ake wankewa, a buga wa gindin ƙafafun robar tsohuwar taya. Bayan hunturun farko a bi sukurori duka a ƙara ɗaure su, domin sabbin mahaɗa za su ɗan saki, kuma a farkon kowace damina a kifa bencin a duba gindin ƙafafu da bayan majingina, in an ga zaren laka a kankare shi, a bi shi har inda ya fito, a zuba magani a wurin.